Fayiloli Masu Kwaɗo a Kwamfutar Tafinta

Littafin maigidana wuri ɗaya yake a duk duniya, cikin wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen murfi da ke zaune a kan teburin falonmu. Shekara shida ya yi yana rubuta shi. Bai taɓa buga shi a takarda ba, bai tura wa kowa ba, har 'yarmu da ta yi ta roƙo ta waya ta gaji ta bari. Kullum cewa yake sai ya gama.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin tafinta a kotu, har sunan ya bi shi gida, maƙwabta ma Baba Tafinta suke ce masa. Mutum ne mai magana. In ya ɗauko zance, shayinsa sai ya huce a hannunsa sau biyu. Littafin kuwa labarin mutanen da ya tsaya a tsakaninsu da alƙali ne, babi arba'in da uku. Duk wanda ya gama sai ya biyo ni kicin, ya jingina da firji ya karanta mini, ni kuma ina aikina ina cewa “uhm” a inda ya dace. Akwai na shari'ar akuya, wanda ya fi so. Sau uku ya karanta mini shi, kuma duk lokacin sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Wata huɗu da suka wuce ya faɗi a banɗaki. Ɓarin dama ne ya shanye. Ƙafa ta soma dawowa, hannu ya ƙi, magana kuwa ta tafi gaba ɗaya. Yana ji, yana gane komai, yana ma iya karatu a hankali, amma ya haɗa haruffa su zama kalma ya gagara. Muka yi yarjejeniya da shi: ya buga tebur sau ɗaya, e ke nan, sau biyu, a'a. Mutumin da ya cika kotu da murya, abin da ya rage masa ke nan. Sauran maganarsa duk tana cikin kwamfutar nan, kuma na san haka sarai.

Ni kuwa ɗakin ajiyar magani nake riƙe da shi a wani asibiti, shekara ashirin da biyu. Dokata ɗaya ce: kwalbar da ba ta da suna da kwanan wata a jikinta ba ta kwana a kantata. Ba na tambaya, ba na shanshanawa. Kuma ba na zubawa a shara inda wani zai tsinta ya kai kasuwa. Sai na murƙushe, na tsaya an ƙone a gabana. Abokan aikina Tsintsiya suke ce mini a bayan idona, sun ɗauka ban sani ba. Ban taɓa jin haushin sunan ba, gaskiya ma daɗinsa nake ji.

Ranar wata Alhamis na dawo daga aiki na tarar da shi a gaban tebur, kwamfuta a buɗe, rigarsa sharkaf da gumi. Ƙanwarsa, wadda take zama da shi da rana, ta tare ni a bakin ƙofa.

“Anti, tun azahar yake haka. Ya nuna mini in buɗe masa, na buɗe na tafi wanki. Can na ji yana ta dukan tebur. Na tambaye shi duk abin da na sani, ya ƙi.”

Na leƙa fuskar kwamfutar. Babu komai a buɗe sai wani ɗan gargaɗi a gefe, wai wurin ajiya ya kusa cika. Layin da ke nuna cikarta ya yi ja. Yana ganina ya kama hannuna da hagunsa, ya ja murfin ya nuna mini 'yar takardar da ke manne a baya, mai lambar wayar Injiniya, mai gyaran da yake kai wa.

“A kai wa Injiniya, Malam?”

Ya buga sau ɗaya, da ƙarfi, har cokalin shayi ya yi tsalle.

“Don ta cika ne?”

Ya buga biyu. Ya sake nuna takardar.

Na ga bugun nan biyu da idona. Amma ga jan layi a gabana, ni kuma na gaji, sai na ɗauka rikicewa ya yi. Na ce masa to, ranar Asabar za a kai, ya kwantar da hankalinsa.

A raina kuwa na riga na yanke ba za ta je ko'ina ba. Na san masu gyara. An taɓa kai musu ta ofishinmu don tana nauyi, ta dawo tana gudu, amma fayau, aikin shekara uku sun wanke shi, suna murmushi wai sun yi mana sabuwa. In ɗauki abin da ya rage na bakin mijina in miƙa wa irinsu? Na ce shara ce dai, kuma in shara ce ai ba a koya mini.

Asabar da safe ƙanwarsa ta tafi da shi gashin ƙafa a asibiti. Na san sai bayan azahar za su dawo, don layin gashi ba ya tafiya. Na share teburin, na zauna.

Abin da na fara yi, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci da yadda na yaba wa kaina, shi ne na kwafe littafin a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Na duba suna: Littafi. Na duba kwanan wata: Alhamis. Na ce ai ranar ya buɗe shi. Ban buɗe na duba ciki ba. Ya hana kowa karantawa da kansa, ni kuma shekara ashirin da biyu ina karanta bayan kwalba, ban saba ɓalle murfi ba. Na zare filas ɗin na sa a aljihun jakata na ja zif.

Na shiga shara. Hotunan da aka turo sau biyar biyar, bidiyon taron ritayarsa da ba a ganin fuskar kowa, tsofaffin takardun kotu. Na kwashe su tas, jan layin ko gezau. Sai na sauko da wata 'yar manhaja da muke amfani da ita a ofis, mai nuna abin da ke cin wuri. Ta zana mini rumbun kwamfutar gida-gida. Ga wata folda da ban taɓa gani ba, ɓoyayyiya, ita kaɗai ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku.

Na danna. Ta ce ba ni da izinin shiga.

Na sake dannawa. Ba ni da izini.

Nan kaina ya ɗau zafi. A falona, a kan teburin da na saya, wani abu ya zauna ya ce ba ni da izini. Na ja tsaki na ɗauko waya, na nemo bidiyon wani mutum mai sanyin murya da ke nuna yadda ake ƙwace ikon irin wannan foldar. Na bi shi daki-daki, ina tsayar da shi ina dannawa. Kafin rabin awa ƙofa ta buɗe.

Abin da na gani bai kwantar mini da hankali ba. Fayiloli ne manya-manya, kamar goma sha biyu, kowanne da ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa a gefensa. Sunayensu ba suna ba ne, lambobi ne da haruffa a cakuɗe, dogaye har sun fita daga layi. Ba hoto ba ne, ba rubutu ba, ba waƙa ba. Na danna ɗaya ya ƙi buɗewa. Na duba kwanakinsu: kusan duk mako sai an samu sabo, na ƙarshe ranar Talata. Wato abin haihuwa ma yake yi. Na ce wannan bairos ne, cutar kwamfuta, ya sami ɗaki ya kulle kansa yana ci yana ƙiba, wata rana zai iso kan littafin.

Lambar Injiniya tana bayan murfin, taƙi ɗaya daga hannuna. Na tuna da ita. Na ce in na kira shi zai ce in kawo, in na kai kuma shi ke nan.

Na zaɓe su duka na ce a goge. Suka ƙi. Na koma wurin mai sanyin murya, ya nuna wata hanyar ta cikin saiti, inda maɓalli ɗaya ke kwashe su gaba ɗaya. Kwamfutar ta yi mini gargaɗi, wai in na ci gaba ba za a iya komawa baya ba. Na karanta shi, ba zan yi ƙarya ba. Na ce ai abin da nake so ke nan.

Layin ya koma shuɗi nan take. Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma manhajar nan tana da wani zaɓi a ƙasa: a bi wurin da aka share a shafe shi, yadda ba mai iya tono abin da aka goge. Ina ganinsa na gane shi, murƙushewa ce da ƙonewa. Na danna. Ta yi awa biyu da rabi tana yi, ni kuma na samu auduga da sifirit na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, na cire dattin shekara shida. Ina yi ina 'yar waƙata.

Da suka dawo na tare shi da fara'a. Na zaunar da shi, na juyo masa fuskar kwamfutar.

“Ka gani, Malam? Ba sai an kai wa kowa ba. Na gyara maka ita.”

Ya dubi shuɗin layin, ya dube ni, bai gane ba. Ya jawo ta da hagu, ya lallaɓa da yatsa ɗaya har ya buɗe littafin, sannan ya turo mini.

Shafi ɗaya ne. A samansa layi biyu na harafi ɗaya, an maimaita shi ya fi sau ɗari. Ƙasa fari fat.

“Ina sauran?” na ce.

Na ja ƙasa, babu ƙasa. Na zazzage jakata a kan tebur na ciro filas ɗin na soka. Shi ma shafi ɗaya, layi biyu. Abin da na kwafa da safe ke nan, na ja masa zif.

Sai a lokacin na fahimci ranar Alhamis. Ya gwada rubutu da hagu, tafin hannunsa ya danne abin da bai nufa ba, littafin duka ya tafi, harafi ɗaya ya maye gurbinsa. Da ya zo rufewa kwamfutar ta tambaye shi ko ta adana, yatsan ya amsa kamar yadda ya saba amsawa shekara shida.

Na zauna a gefensa. Shi kuwa, abin mamaki, bai tada hankali kamar ranar ba. Ya ɗora hannunsa a kan nawa ya ɗan bubbuga, irin na lallashi. Ya juya murfin ya nuna mini lambar Injiniya, ya gyaɗa kai. Yana gaya mini kada in damu ne.

Shagon Injiniya a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai gilashin ido da mai ɗinkin labule. Matattun kwamfutoci jibge har rufi, fanka tana kaɗa warin dalma. Shi dattijo ne mai furfura a gemu, ƙafar tabaransa ɗaure da waya. Ya tambayi jikin Baba Tafinta, na amsa a gajarce na buɗe masa shafin.

Dariya ya yi.

“Hajiya, zauna ki huta. Ai ya taɓa yi. Shekara huɗu ke nan, babi biyu ya haɗiye, ya zo nan kamar zai yi kuka. Tun ranar na kunna masa ajiyar ɓoye. Ita kwamfutar da kanta take ɗaukar hoton komai lokaci-lokaci ta kulle a wani ɗaki. Wuri babba na ware mata don na san halinsa. Yanzu zan ciro miki na makon nan, ki kai masa kafin la'asar.”

Na ji kamar in ce masa ya tsaya. Ban ce ba. Na zauna a kan bencinsa ina kallon yatsunsa.

Ya danna, ya jira. Akwatin da ya buɗe babu komai a ciki. Ya gyara tabarau ya bi ta wata hanyar. Ya daina murmushi.

“Wa ya taɓa ta?”

Allah ya sani na buɗe baki zan ce wataƙila maigidana ne, garin lalube da hagu. Maganar ta zo har kan harshena a shirye. Mutumin ba zai taɓa iya musantawa ba. Kunyar wannan tunanin har yau ba ta sake ni ba.

“Ni ce,” na ce. “Yau da safe.”

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya shafa gemunsa ya ce, “To. Gogewa ba ƙarshe ba ce. Abin da aka goge yana nan kwance sai an rubuta wani a kansa. Ina da abin tono. Gogewa kawai kika yi, ko?”

Na gaya masa zaɓin da ke ƙasa, da awa biyu da rabi.

Ya cire tabaran ya ajiye a kan tebur. Duk da haka ya gwada. Ya kwance ta, ya ciro rumbun ya haɗa da tasa, muka zauna har rana ta bar bakin shagon. Mai labule ya leƙo sau biyu ya koma. Abin tonon ya bi rumbun daga farko har ƙarshe bai fito da ko layi ɗaya ba.

“Kin iya aiki, Hajiya,” ya ce a hankali. Ba zolaya yake ba.

Sai zuciyata ta taso, don ba ni da inda zan kai ta. “Kai ma da laifinka. Abu mai muhimmanci haka, a bar shi ba suna? Wasu lambobi kamar na mahaukata? Da an rubuta a jiki ai da na gani.”

Ya mayar da sukurori ɗaya bayan ɗaya kafin ya amsa.

“Ba a rubuta suna ba kam. Amma an sa kwaɗo.”

Na tarar da maigidana a kujerar da ke kallon ƙofa. Ya sa an canza masa riga, an ɗora masa hula. Yana ganin kwamfutar a hammatata ya miƙo hannu.

Na sallami ƙanwarsa, na durƙusa a gabansa na gaya masa komai, tun daga foldar har audugar. Ban rage ba, ban ce don na tsare littafin na yi ba, ko da yake gaskiya ce. Na ce, “Ka buga biyu ranar Alhamis, na gani. Ka yafe mini, Malam.”

Na zuba wa hannunsa ido. Yana kan hannun kujera, bai buga ɗaya ba, bai buga biyu ba. Can ya ɗaga shi ya cire hular ya ɗora a gwiwarsa.

Kwana huɗu bai karɓi shayi daga hannuna ba, sai na ƙanwarsa. A wurin aiki wata sabuwar ma'aikaciya ta kawo mini kwalbar da takardarta ta ɓare, ta tsaya tana jiran in ce a ƙone. Na karɓa na sa a durowa na kulle. Tana nan har yanzu, ban san abin da zan yi da ita ba.

Ranar Alhamis na ɗauki hutu. Da hantsi na ajiye kwamfutar a tebur, na jawo kujera kusa da tasa, na buɗe sabon shafi.

“Duka ka karanta mini su,” na ce. “Arba'in da ukun. Ni zan faɗi abin da na tuna in rubuta, kai ka ce e ko a'a. Ko shekara nawa za mu yi.”

Ya dubi farin shafin. Sannan ya buga sau ɗaya, a hankali. Na ce mu fara da na akuya, tunda shi na fi ji.

“Wata tsohuwa ce ta kawo ƙara.”

Biyu.

“Tsoho?”

Ɗaya.

“An sace masa akuya.”

Biyu.

“Akuyarsa ta yi wa wani ɓarna?”

Biyu.

“Shi aka ce ya sata?”

Ɗaya. Na rubuta. Muka yi ta tafiya haka, ina jefa zato yana tsincewa. Kafin azahar mun sami layi shida, busassu, babu ko ɗaya da ya yi kama da bakinsa. Amma ya matso da kujerarsa, ya fara bin rubutun da ido. Har muka iso inda alƙali ya sa aka shigo da akuyar cikin kotu, ya juya ya tambayi tsohon ko yana da abin cewa. Nan ne wurin. Na gane shi, don gefen bakinsa mai lafiya ya fara motsi, kafaɗarsa ta fara rawa, dariyar tana tahowa.

Na ɗora yatsuna a kan maɓallai.

“To, sai tsohon ya ce me?”

Ya ɗaga hannu zai buga, ya tsaya da shi a sama. Tambayar ba ta e ko a'a ba ce. Ya buɗe baki, leɓɓansa suka yi ta aiki, jijiyar wuyansa ta tashi, babu abin da ya fito sai iska. Sai ya juyo ya dube ni, yana jira in faɗa, tunda sau uku ya karanta mini.

Na tuna firjin da yake jingina da shi. Na tuna tarin, da ruwan da nake miƙa masa ba tare da na juyo ba. Abin da tsohon ya ce wa alƙali ne ban ji ba, ina yankan albasa.